Safar Hagu

Sakataren ƙungiyar dambe ya zazzage jakar a kan tebur, gaban 'yan kwamiti. Safar dambe biyu suka faɗo, jajaye. Ya danna ta dama, ta turo yatsansa baya. Ya danna ta hagu, yatsan ya nutse har ya ji katakon tebur. Babu soso a inda ƙasusuwan yatsu ke zama. An zare shi, an mayar da ɗinki.

Safar Gingimari ce. Da ita a hannu ya kwantar da Walƙiya, zakaran ajin masu nauyi, wanda ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Gingimari ya haura arba'in. Walda ce sana'arsa, dambe kuwa ya daɗe yana yi ba wanda ya san da zamansa. An ɗauko shi ne don zakara ya motsa jini. Ko gidan talbijin bai ga dalilin aiko kyamara ba. Ya sha duka turmi bayan turmi, ya ƙi faɗuwa, sannan ya kai naushi ɗaya. Yanzu Walƙiya na asibiti, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya.

Safa marar soso dutse ce. Kwamiti ya riƙe kambun, ya kira 'yan sanda. In abin ya tabbata, Gingimari ya rasa nasararsa, kuma gidan yari zai tafi don raunata mutum da gangan.

Sufeton da aka ba aikin bai san dambe ba, bai kuma damu ya sani ba. Ya ɗauki safar ya kai bakin taga. Fatar ta sha gumi da man shafawa, zaren ɗinkin ya dafe. Amma a ƙarƙashin babban yatsa akwai ɗan wuri da zarensa fari ne fes. Ɗinkin a jere, an ninka ƙullin an cusa shi ciki.

"Bayan wasa ina aka ajiye su?"

"Wanda ya ci ake bar wa, yallaɓai," in ji sakatare. "Suna rataye a wurin horonsu, sai da manajan Walƙiya ya kawo ƙorafi muka aika aka karɓo."

A caji ofis Gingimari ya cika benci shi kaɗai. Ido ɗaya har yanzu bai buɗe ba. Tabon walda ya yi ɗigo-ɗigo a damtsensa.

"Kai ka cire soson?"

"A'a."

"Wa ya cire?"

"Da na sani, da wani laifin kuka kama ni da shi, ba wannan ba."

"Wa ke da makullin wurin horo?"

"Ni da Baba Koci."

"Wa ya zo ganin safar?"

"Mai aski na bakin titi da 'yan shagonsa. Manajan Walƙiya ma ya zo, wai gaisuwa."

"Kocin naka me ya ce da aka kama ka?"

Gingimari ya dubi ƙasa. "Bai ce min komai ba tun ranar wasa."

"Ko barka?"

"Haka yake. Tun ina saurayi nake hannunsa, ban taɓa jin ya ce wa wani ya yi daidai ba. In ya yi shiru, to bai ga laifi ba ke nan." Ya ɗago. "Yallaɓai, ku bar Baba. Ba shi da lafiyar zirga-zirga."

Sufeto ya cire kaki, ya tafi shagon aski. Tun daga bakin ƙofa ya ji hayaniya. Kujera ɗaya ce ta aski, benci biyu na gardama. Ya zauna a kujerar, mai aski ya yafa masa ƙyalle bai ko dube shi ba.

"Sa'a ce, na ce!" Mai aski yana magana yana wasa aska. "Mutum ya sha duka har matarsa ba ta gane shi, ya rufe ido ya jefa hannu, ku ce min gwani?"

"Walƙiyan ma ba shi ba ne," in ji wani tela da ke benci. "Tumbinsa ya riga shi shiga fage. Bai yi horo ba, ya raina wasan. Ƙanwata ma da ta kayar da shi ranar."

"To a kawo ƙanwar taka," in ji wani direba daga lungu. "Ku da ba ku je ba kun fi mu gani. Ni na yanki tikiti. Mutumin nan ya tsaya turmi bakwai gaban wanda ba a kai masa uku. Wannan ma sa'a ce?"

Mai aski ya ce, "Tsayuwa ce dambe? To bangon shagon nan ma zakara ne, a kawo masa kambu."

Aka bushe da dariya. Direba bai yi ba.

"Yana jira ne. Ya ga in Walƙiya ya gaji yana sauke hannu. Ya bar shi ya yi ta duka har ya sauke."

"Ji malamin dambe! Jiya kana canja taya, yau kana karanta zuciyar Gingimari."

"Kai dai ba ka so a ce ɗan unguwarku ya yi abin kirki. Da baƙo ne da ka manna hotonsa a madubi."

"Ni? Ni na fi kowa sonsa. Shi ya yi min ƙofar shagon nan. Walda dai ya iya ta." Mai aski ya karkata kan Sufeto. "Yanzu ga shi asiri ya tonu. Babu soso a hagun. Da ma na ce hagun nan ba ta Allah da Annabi ba ce."

"Wace hagu?" in ji direba. "Da dama ya buge shi."

Shagon ya ɗauki ihu. Tela ya miƙe, ya zaro waya.

"Ka sha wani abu kafin ka shiga? Ga shi nan, duk gari ya gani. Hagu!"

"Ni idona ya gani."

"Idonka ya fi waya?"

Sufeto ya miƙa hannu daga ƙarƙashin ƙyalle. "Mu gani."

Bidiyon gajere ne, yana rawa. Rabinsa fuskar wani ce yana washe baki, don kansa yake ɗauka. Ta bayan kafaɗarsa ake hango fage, 'yan damben daga ƙirji zuwa sama. Hannu ya taso, kai ya karkace, Walƙiya ya ɓace ƙasa. Hagu ce, ba shakka.

"Babu wani bidiyon?"

"Wa zai ɗauka?" in ji direba. "Rabin mutane sun kama hanyar fita. An ɗauka an gama."

Sufeto ya sake kallo. Wannan karon bai dubi 'yan damben ba. Ya dubi ƙyallen talla da aka rataya a bayansu. Rubutun a juye yake, daga dama zuwa hagu. Ya ce a tura masa bidiyon, sannan ya fito da katinsa na ɗan sanda. Askar ta tsaya a iska.

"An ce ka je ganin safar."

"Ranka ya daɗe, kowa ya je. Ba ni kaɗai ba."

"Ka taɓa ta?"

"Na ma sa hannuna ciki, aka ɗauke ni hoto. Na naushi tela a kafaɗa, ga shi nan a tambaye shi."

"Wacce ka sa?"

"Ta hagun mana. Ita ce ta yi aikin."

"Ya ka ji?" Sufeto ya juya wajen tela.

"Kamar an jefe ni da matashi. Ko zafi."

"Da soso ke nan a cikinta, bayan wasa."

Mai aski ya dubi tela, ya dubi direba.

"Kai. Na wanke shi ke nan?"

"Ka wanke shi."

"To wallahi ban yi niyya ba." Ya ci gaba da aski, ransa a ɓace. "Duk da haka sa'a ce. Kuma da ya samu koci na gaske tun farko, ba wannan tsohon ba, da ba sai ya jira sa'a ba."

"Gingimarin ma ai ya faɗa," in ji direba. "Da aka ba shi makirfo ya ce babu mutum ɗaya da ya ce zai iya. Ko ɗaya. Tsohon na tsaye gefensa da bokiti. Na ga ya ajiye bokitin ya sauka, ko safar bai tsaya ya kwance masa ba."

Sufeto ya cire mai aski daga zargi. Wanda ya shirya wa mutum tarko ba ya kwance shi da bakinsa.

A asibiti ya sami manajan Walƙiya a baranda, ƙato mai zobba, yana faɗa da waya. Ya jira ya gama.

"Me ya kai ka wurin horon Gingimari?"

"Na je in taɓa safar da hannuna. Ban yarda mutum zai karya muƙamuƙin yarona da safa mai lafiya ba."

"Ka taɓa?"

"Na danna ta, na ji ta tam. Raina ya ɓaci. Ƙorafin dai na kai, don kada a ce na zauna ban yi komai ba. Sai ga shi Allah ya tona shi."

"Wacce ka danna?"

"Ta dama. Me zan yi da ɗayar?"

"Ta hagu aka samu babu soso."

Manaja ya yi sororo. "Hagu? Ba wanda ya gaya min. Hagunsa ai a safar yarona ta ƙare duk wasan. Mun san ta, ita muka yi shiri a kai. Damar ce ba mu sa a lissafi ba, an ce mana ta mutu."

"Ka tabbata dama ce?"

"Yallaɓai, ina bakin igiya. Ina kallon kusurwarsu, ina jiran su jefo tawul su sallama. Na ga tsohon ya juya baya, ya sunkuya yana laluben tawul a jaka. Na ce shi ke nan. Na juyo zan ce wa yarona ya sassauta, sai na ga damar ta taso. Har in mutu ina ganinta."

Sufeto ya leƙa ɗakin. Walƙiya na kwance, kumburin a gefen hagu na fuskarsa, inda hannun dama ke sauka. Ya yafito Sufeto, ya yi magana ta tsakanin haƙora, da ƙyar.

"Suna cewa ban yi horo ba. Na yi. Buge ni ya yi."

"Zan rubuta."

"Ba wanda zai karanta."

Da manaja ne ya yi aikin, da ta dama zai farke. Sufeto ya cire shi.

Wurin horon tsohon sito ne a bayan wani garejin motoci. Fage ɗaya, igiyoyinsa sun saki. Buhunan naushi na lilo daga ƙarfen rufi, kowanne da faci. Bango guda madubi ne, ya tsage a kusurwa. Baba Koci na zaune a kan kujerar roba yana naɗe bandejin hannu. Dogo ne, hancinsa ya baje tun da daɗewa. A zamaninsa shi ma ya yi ajin masu nauyi, ya kai har wasan kambu. Bai tashi ba.

"Sannu, Baba."

"Yauwa."

Sufeto ya zaga buhunan. Ya tsaya gaban ɗaya, ya bi facin da yatsa. Zare fari, ɗinki a jere, an ninka ƙulli an cusa ciki.

"Wa ke muku ɗinki?"

"Ni. Wa zai yi?"

"Gingimari ya iya?"

"Da waɗannan yatsun? Ko maɓallin rigarsa matarsa ke sa masa."

"Baba, ni ban san dambe ba. Gari ya rabu, wasu sun ce gwaninta, wasu sun ce sa'a. Kai me ka ce?"

"Ban ce ba."

"To nuna min yadda ya buge shi."

Tsohon ya dube shi. Sannan ya ajiye bandejin ya miƙe. Da ya tsaya gaban buhu sai shekarun suka sauka daga kafaɗarsa. Ya karya gwiwa, ya murɗa ƙugu, hagunsa ta zagayo ta sauka. Buhun ya yi ƙara.

"Haka. Ita na koya masa tun bai fara aske gemu ba. Abu ɗaya da ya yi daidai ranar, nawa ne."

"Da idonka ka gani?"

"Ina kusurwa."

"Na san kana kusurwa."

Sufeto ya kunna bidiyon, ya nuna masa. Tsohon ya gyaɗa kai, ya san shi.

"Dubi rubutun da ke bayansu. A juye yake. Mai wayar fuskarsa yake ɗauka, wayar ta juya komai kamar madubi. Zo ka gani."

Ya juya fuskar wayar ga madubin bango, ya sake kunnawa. A cikin madubi rubutun ya miƙe. Hannun da ya taso na dama ne.

Tsohon ya matso har numfashinsa ya taɓa gilashi.

"Sake."

Sufeto ya sake.

"Ƙarya ne. Damarsa ta mutu tun da ta karye. Ni na hana shi jefa ta."

"Ya jefa. Manaja ya gani. Direban da ya yanki tikiti ya gani. Muƙamuƙin Walƙiya ta hagu ya karye." Sufeto ya mayar da wayar aljihu. "Bari in gaya maka yadda na zo nan. Zaren da aka mayar da ɗinki bai sha gumi ba, kuma mai aski ya sa safar bayan wasa da sosonta. Don haka bayan wasa aka farke ta, don a ce da ita aka yi ɓarna. Wanda ya farke ya zaɓi ta hagu. Duk wanda ya ga naushin da idonsa, ta dama zai zaɓa. Mai aikin a waya ya gani. Yana da makulli, ya kuma iya wannan ƙullin. Kai kaɗai ne a bakin igiya da ka juya baya. Tawul kake nema."

Baba Koci ya koma kujerarsa. Bai musa ba. Ya ɗauki bandejin, ya rasa bakinsa, ya ajiye.

"Na ce kada ya karɓi wasan. Ya karɓa. Aka yi masa dukan da ba a yi wa dabba. Ni na yi dambe da sani. Na kai wasan kambu, ban faɗi ba, aka ce na rasa da maki. Shi ya tsaya kamar gungume, ya jefa hannu ɗaya, aka ɗora masa kambu. Wannan ba dambe ba ne."

"Ɗazu ka ce naushin naka ne."

"Naushin nawa ne, na ɗauka. Sai ya karɓi makirfo ya ce ko mutum ɗaya. Ni na ɗinke masa gira. Ni na riƙe masa bokiti yana tofa jini. Da uwarsa ta rasu a ɗakina ya kwana. Ko mutum ɗaya."

"Ƙarya ya yi?"

Tsohon ya kau da kai.

"Ka san gidan yari zai je?"

"Na ɗauka kambun kawai za su karɓe."

"Da aka kama shi fa?"

"Na ji."

"Ka ji, ka zauna kana naɗe bandeji." Sufeto ya nuna ƙofa. "Ina basillar da sauran zaren?"

Suna cikin gwangwani a kan taga, tare da soson da aka zare. Bai ko jefar ba. Ya ce soso ne mai kyau, zai yi facin wata safar.

Da suka isa caji ofis, Sufeto ya sa aka fito da Gingimari. Ya gaya masa an sallame shi, kwamiti zai mayar masa da kambu. Ya gaya masa sauran, bai rage komai ba. Gingimari ya saurara a tsaye. Kofur biyu suka matso kusa, don sun ji abin da ya ce zai yi wa mai laifin.

Bai ɗaga hannu ba. Ya taka zuwa bencin da tsohon ke zaune, ya durƙusa kamar yadda ya saba in za a ɗaura masa safa.

"Baba."

Tsohon yana kallon bango.

"A ɓoye na yi ta horar da damar nan tawa. Bayan ka tafi gida nake dawowa in daki buhu. Na ce ranar da zan jefa ta, a gabanka zan jefa."

Tsohon bai juyo ba.

"Mai aski ya ce sa'a, ban damu ba. Su yi ta faɗa har su tsufa. Kai nake jira. Na ɗauka shirun nan naka irin wanda ka saba ne." Muryarsa ta sauka. "Safar na bar wa hukuma. Abu ɗaya nake tambaya. Damar ta yi kyau?"

Baba Koci ya juyo. Ya dubi hannun, ya dubi fuskar da ta kumbura. Tsoho ne mai taurin kai, amma ko sau ɗaya bai taɓa yi wa yaronsa ƙarya a kan dambe ba, kuma bai fara ranar ba.

"Ban gani ba," in ji shi.

Gingimari ya miƙe. Ya karɓi bel ɗinsa da takalmansa a kanta, ya fita da su a hannu.